Katin da Aka Yanke wa Kusurwa

"Ni dai hannun yarinyar nan nake zargi. Duk abin da ta taɓa sai ya mutu."

Tana bayan wani kabad tana goge madubi ta ji Maigida yana faɗa wa Injiniya haka. Kwana uku maganar tana cin ta a rai.

Shagon kujeru take aiki. Injiniya kuwa ƙanen matar Maigida ne, kuma har yau ba wanda ya taɓa ganin takardar injiniyancin nasa. Shi ya kawo sabon yayi: kati mai baƙin zane, kusurwa huɗu, cikinsa ɗigo-ɗigon fari. Ka ajiye shi a tsakar ɗakinka, ka haska da waya, sai ga kujera a allon wayar kamar an sauke maka ita daga mota. Ranar gwaji har da tafi. Da bakinsa Injiniya ya yi bayani, yana hura hanci: kusurwoyin nan waya take fara nema, da su take gane nisan katin da yadda ya karkata, sannan ta san inda za ta dasa kujera.

Aka bugo ɗari biyar. Maigida ya ɗaga ɗaya, ya taɓe baki.

"Wannan ai sammaci ne, ba talla ba. Ke, ɗauko almakashi. Cire farin gefen nan, ki zagaye kusurwar, ya ɗan yi kyan gani."

Ta yini tana yanka har babban yatsanta ya yi bororo.

Masu saye suka yi ta haskawa, ba kujera ba dalilinta. Injiniya ya ɗora wa hasken shago laifi, ya ɗora wa wayoyin mutane. Ba wai bai gane yankan ne ya ɓata katin ba, a'a, a gidan mijin yayarsa yake ci yake kwana.

Ita kuwa akwai guda ɗaya da ya faɗa bayan tebur, almakashi bai taɓa shi ba. Ta gwada a ɓoye, kujera ta fito ɓul. Ta ɓoye shi a jaka.

Ran Asabar Maigida ya kira ta, Injiniya na gefe yana latsa waya.

"Daga yau ki je gida ki huta, ƙanwata. Kina da magana?"

Ta durƙusa ta jera kati biyu a ƙasa, yankakke da wanda ta ɓoye, ta haska. Kujera ta hau kan mai kusurwa ta yi zamanta, ɗayan ko kallo bai ishe ta ba. Injiniya ya tsiri tari.

Ta ɗago ta dubi Maigida.

"Yallabai, don Allah, wa ya ce a yanke?"