Ɗamarar Makokin Ergash

Ran da mahaifinsu ya rasu a garin Margilan, Ergash ya sa matarsa ta saka masa doguwar rigar makoki da hula. Shi ne babban ɗa. Nasa ne wuri na farko a layin 'ya'ya maza da ke jeruwa a ƙofar gida, kowa da ƙyalle ɗaure a ƙugu, suna karɓar gaisuwa.

Amma akwai kwata a bakin ƙofar. A nan ya faɗi bara, ranar bikin ɗan Mirzohid, ƙanensa. Tayar kekensa na guragu ta zame, ya kife cikin caɓi a gaban surukai, wando ya saɓule. Ko ƙwarzane bai yi ba. Sai dai tun ranar ba a sake fito da shi gaban baƙi ba, shi ma bai nema ba. Ko a tsakar gida, in keken ya ɗan karkata sai gumi ya karyo masa.

Yau kam ya nema.

"Yaya, ka zauna ciki mana," in ji Mirzohid. "Mutane kuka suka zo yi, kar ka sa su dariya."

"Ubana ne. Miƙo min ɗamarata."

Mirzohid ya ɗauko ƙyallen ya durƙusa, kamar ƙane mai ladabi. Ya zagaya shi a ƙugun wansa, ya haɗa da bayan keken, ya haɗa da turken inabin da ke gefen ƙofa, ya ƙulle ta baya inda hannu ba ya kai.

"To ga ka a ƙofa. Yau ko ƙasa ta girgiza ba ka faɗuwa."

Abin da ya fi cin Ergash a rai shi ne, da ya ji ɗaurin ya kama shi, gabansa ya daina faɗuwa.

Aka fito da makara. Maza suka saɓa ta da sauri, suna karɓeɓeniya, suka sha kwana. Ergash ya tura tayoyin da duk ƙarfinsa, turken ya girgiza, ganye ya zubo masa a cinya. Ya kira sunan ƙanensa sau ɗaya, bai sake ba.

Wata tsohuwa maƙwabciya ta fito daga wajen mata, ta duba ƙullin, ta ƙara tamke shi.

"Allah ya yi wa Mirzohid albarka," ta ce. "Ana cikin wannan tashin hankali ma bai manta da kai ba. Ka ce amin mana, ɗana."

Ergash ya ɗaga tafukansa, ya shafa a fuska.