Neman Giɓi a Barking

Katung ne ya jawo wa Zulkiflu wannan jidali. Asibiti ɗaya suke aiki a gabashin Landan, Zulkiflu a ɗakin magunguna, Katung a sashen gashin ƙashi. Katung ɗan Kagoro ne, amma a Kanada ya yi karatu, kuma daga can ya kwaso son wasan hoki na kan ƙanƙara, wanda ƙarti ke zamiya da takalma masu kaifi suna kora wani ɗan baƙin faifan roba da sanduna. Wata rana ya tare Zulkiflu a layin sayen shayi.

"Malam Zulkiflu, mutum biyu muke nema mu cika goma. Wasu sun yi mana cancel."

"Ni da ko gudu ba na yi?"

"Ba kai za ka buga ba. A waya ake yi. Kowa zai zaɓi 'yan wasa na gaske daga ƙungiyoyin Amurka da Kanada, ya haɗa tasa ƙungiyar. Ɗan wasanka ya ci, ka sami maki. Ya ba wani ya ci, ka sami maki. Duk mako ana gwada ka da mutum ɗaya."

"Caca ce?"

"Ko kwabo ba a sawa. Bakin magana kawai ake ci."

Zulkiflu ya ce zai duba. Da yamma kuma, da ƙafarsa, ya ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabcinsa Masawudu, mutumin Gana mai gyaran wutar lantarki, ya lallashe shi ya zama na goma. Masawudu bai san hoki ba, bai kuma damu ya sani ba. Ya amsa ne don maƙwabtaka.

Shi Zulkiflu ba ya yin abu rabi da rabi. Kafin ranar zaɓe ya karance wasan kamar mai shirin jarrabawa, a jirgin ƙasa na layin District in zai tafi aiki da in zai dawo. A nan ya gano abin da ya ɗauka babu wanda ya taɓa ganowa. Masu kai hari uku ne, tare suke shiga fili, tare ake fitar da su a sako wasu ukun. Kuma in aka ci, ba wanda ya jefa kaɗai ake rubuta wa ba, har mutum biyun da suka miƙa masa. Ya nemo wasu uku a wata ƙungiyar Kanada da suka daɗe suna wasa tare. Sunayensu sun fi ƙarfin harshensa, sai ya raɗa musu nasa. Na dama Dogo, na hagu Bahago, na tsakiya kuwa Giɓi, saboda a hotonsa yana dariya babu haƙoran gaba.

Ya yi wa matarsa Karimatu bayani suna cin tuwo, yana jera cokali da murfin kwalba da gishiri a kan tebur.

"Dogo ya ci. Wa ya ba shi? Giɓi. Wa ya ba Giɓi? Bahago. Ci ɗaya, maki uku, duk nawa. Sauran mutane suna tsintar 'yan wasa ɗai-ɗai kamar masu tsince tsakuwa a shinkafa, ni tsintsiya zan ɗauka da maɗaurinta."

"In kuma ranar su ukun ba su tashi da sa'a ba fa, Abban Zarah?"

"Ba ki san wasan ba."

"Gaskiya ne. Miƙo min gishirin, in ba shi ne Dogo ba."

An yi zaɓen ranar Asabar bayan la'asar a flat ɗin Katung a Stratford. Su uku ne a falon, sauran bakwai kowa yana gidansa a kan layi. Bi da bi ake ɗauka. Zagayen farko Zulkiflu ya ɗauki Dogo, na biyu ya ɗauki Bahago. Giɓi ba shi da suna kamar su, aikinsa bayarwa ne, don haka ya lissafa cewa zai same shi a zagaye na uku yana zaune yana jiransa. Masawudu ne ke gabansa a layi. Yana kishingiɗe yana cin gyaɗa, yana jan hotuna da babban yatsa, sai ya tsaya ya kece da dariya.

"Dokta, dubi wannan. Wallahi kamar kawuna na unguwar Nima, can Gana. Shi ma babur ya cire masa haƙori."

Kafin Zulkiflu ya haɗiye shayin da ke bakinsa, Masawudu ya danna.

Zulkiflu ya ajiye kofi a hankali. "Malam Masawudu, wa ka ɗauka?"

"Kawu."

Katung ya juya fuska wajen taga yana tari. Zulkiflu ya ƙarasa zaɓensa ba tare da ya san wa yake ɗauka ba, in ban da wani mai tsaron gida da Katung ya nuna masa da haɓa. Suka hau jirgin komawa unguwarsu, Barking.

Abin haushin shi ne lissafinsa ya fita daidai. Ana buga wasannin ne lokacin da Landan ke barci, don haka da ya sallame sallar asuba yake jawo waya. Kusan kullum sai ya ga Dogo ya ci, Bahago ya taimaka, ga kuma sunan Giɓi a tsakaninsu, makinsa yana tsallake katanga zuwa gidan maƙwabci. Makon da aka haɗa shi da Masawudu ya fi kowane ciwo. Duk cin da 'yan wasansa suka yi, abokin karawarsa ma ya ƙaru. Ga shi Masawudu ko buɗe abin ba ya yi. Ya ma manta password ɗinsa, sai da Zulkiflu ya zauna ya gyara masa, don in babu shi ba yadda za a yi musaya.

Ya fara da dabara. Sun haɗu wajen fitar da bola, ya ce kamar abin bai dame shi ba, "Wannan mai giɓin naka, in kana so in rage maka shi, sai in ba ka 'yan baya biyu."

"Biyu a kan ɗaya?" Masawudu ya dube shi. "Me ya sa?"

"Maƙwabtaka."

"Zan yi shawara."

Ranar Lahadi Zulkiflu ya sa Karimatu ta soya masar shinkafa da miyar taushe, ya ɗauki kular da kansa. Masawudu ya ci ya yi gyatsa, ya yaba hannun Hajiya, sannan ya ce, "Dokta, mata na ya ce abin da mutum ya biyo ka har gida da abinci a kansa, ba a sayarwa ranar."

Memunatu, matar tasa, tana kicin tana jin su. Ta leƙo ta gaishe da Zulkiflu da fara'a, ta ce masar ta yi daɗi, in za a sake a ƙara yaji.

Aka sake, aka ƙara yaji. Bayan masa aka kai dambun nama. Masawudu, wanda da bai san Giɓi yana raye ba, yanzu har tsayar da Zulkiflu yake a bakin masallaci ya tambaye shi, "Yaya Kawu ya kwana?" Zulkiflu kuma sai ya ba shi rahoto cikakke, da ɗaci a maƙogwaro. Wata Asabar Masawudu ya ce ƙanwar matarsa Fausia za ta tare a sabon flat a Dagenham, ga kujera doguwa, ga lif ya lalace, ga bayansa yana ciwo. Zulkiflu, mutumin da ma'aikata ke kira Dokta ko da yake ya sha faɗa musu shi ba likita ba ne, ya sami kansa a ƙarƙashin kujera a lanƙwasar bene, kumatunsa manne da bango, Masawudu yana sama yana cewa a ɗan karkata hagu.

A nan kan benen, suna haki, aka yi ciniki.

"Zan ba ka Kawu," in ji Masawudu. "Ka ba ni mai tsaron gidanka. Wanda aka zana masa damisa a kwalkwali."

"Don me shi?"

"Kwalkwalin ya burge ni."

Sai Katung ya amince musaya ke tabbata, shi ne shugaba. Ya sami Zulkiflu a ɗakin magunguna ya rufe ƙofa.

"Malam, mai tsaron gidan nan shi ke riƙe da kai. Duk makon da ukun suka yi sanyi, shi ke fitar da kai kunya."

"Ukun ba sa sanyi."

"Kowa yana sanyi. A kan ƙanƙara suke."

"Ka danna kawai, Katung."

Katung ya danna. Ranar Zulkiflu ya sayo wa iyalinsa tsire daga wajen wani ɗan Zariya a Stratford, ya sa hoton mutanen uku a fuskar wayarsa inda hoton 'yarsa Zarah yake.

Wasan farko da ya mallake su duka, ƙungiyarsu ta sha kashi ba ta jefa ko ɗaya ba. Ya ce gajiyar tafiya ce. Na biyu ma haka. Na uku Dogo ya ɓata rai ya naushi wani, aka zaunar da shi a akwatin hukunci. Da aka kai mako na biyu a haka, kocin ƙungiyar ya yi abin da koci ke yi in ci ya ƙi zuwa: ya wargaza layin. Ya tura Giɓi wajen wasu biyu dabam, ya mayar da Bahago can baya cikin masu tare hanya, ya bar Dogo da wani sabon yaro ɗan shekara goma sha tara.

Zulkiflu ya karanta labarin a bakin gado, ya sake karantawa.

"Wane irin mutum ne wannan? Mutane suna zaman lafiya shekara da shekaru, ka zo rana ɗaya ka raba su. Ko shawara bai yi da kowa ba."

"Da kai zai yi?" in ji Karimatu tana ɗaura ɗankwali.

Ya shiga duba wanda ya mallaki sabon yaron. Ranar zaɓe, da gyaɗa ta ƙare Masawudu ya gaji da danne-danne, ya bar na'ura ta cike masa sauran guraben da duk wanda ya rage. Yaron yana cikinsu. A daren farko da aka haɗa su, sau biyu yaron yana miƙa wa Dogo yana ci, shi ma ya ci ɗaya.

Da yamma Karimatu ta same shi a kicin yana buɗe kabad yana rufewa.

"Me kake nema?"

"Babbar kular nan."

"Abban Zarah, in kular nan ta sake tsallake ƙofar gidan nan da masa a ciki, kai za ka jiƙa shinkafar, kai za ka kai niƙa, kai za ka tsaya kan tanda. Ni na gama yi wa Turawan Kanada biki."

Ya rufe kabad ɗin.

Daga nan abin ya yi ta gangara. Ba shi da mai tsaron gida na kirki, mutanensa uku kowa ya kama gabansa, mai damisa kuwa ya kama tare faifai kamar an yi masa asiri. Masawudu ya ƙare na huɗu, yana tambayar ko na huɗu ma ana ba shi kofi. Zulkiflu ya ƙare na goma cikin goma. Sai a lokacin Katung ya tuna bai faɗa masa wata al'adar ƙungiyar ba: wanda ya zo na ƙarshe zai sa takalmin ƙanƙara ya zagaya fili sau ɗaya a gaban jama'a.

Suka tafi wani filin zamiya na cikin gini ranar Lahadi, har da Karimatu da Memunatu, kowacce da waya a hannu. Da Zulkiflu ya ɗora ƙafa ɗaya a kan ƙanƙarar, ƙafar ta yi gaba ba ta jira shi ba. Ya rungume shingen gefe. Wata ma'aikaciya ta turo masa wani gunkin tsuntsu na roba mai mariƙi, irin wanda ake ba yara masu koyo, tsayinsa bai wuce gwiwarsa da yawa ba. Ya dube ta, ya dubi faɗin filin, ya karɓa. Haka ya tafi a duƙe kamar mai turin baro, yara suna wuce shi ta dama da hagu, wata 'yar ƙarama har tana ba shi shawara ya lanƙwasa gwiwa.

Ya kai rabi ya tsaya yana numfashi, Katung ya zo ya ja birki a gefensa.

"Katung, a kan wannan abin suke gudu? Har su yi dambe?"

"Har da baya-baya."

"To na yafe wa Dogo."

Bai rufe baki ba tsuntsun ya suɓuce, ya zauna daɓas. Masawudu, da ya sa takalmi don nuna zumunci, ya saki shinge ya miƙo hannu zai ɗaga shi, sai ga shi kwance a kansa. Daga bakin fili aka ji Memunatu tana tambayar Karimatu ko ta samu ɗaukar bidiyon, don ita dariya ta hana ta.

A jirgin komawa kujeru fayau, amma Zulkiflu ya tsaya riƙe da ƙarfe, wandonsa jiƙe ta baya, yana cije leɓe duk sanda jirgin ya girgiza. Wata tsohuwar Baturiya ta daɗe tana kallonsa, sannan ta tambaye shi cikin tausayi ko lafiya, ko faɗuwa ya yi.

Ya gyara tsayuwa, ya ce mata da Turanci ba komai, raunin wasa ne, shi ɗan hoki ne.

Tsohuwar ta ce lallai yana da ƙarfin hali a shekarunsa. Karimatu ta juya ta fuskanci taga, kafaɗunta suna rawa har suka wuce tasha biyu.