Hannun Baba a Cikin Bokiti

Ni mai sassaƙa ce. Dutse nake yi, da itace idan na samu mai kyau, wani lokaci kuma in gina da yumɓu in zuba filasta, farin garin nan da ke daskarewa idan an kwaɓa shi. Ɗakin aikina tsohon gareji ne a ƙarshen wani lungu, bango ɗaya ne tsakanina da Mai Walda. Shi yana cika mini kunne da ƙara, ni ina cika masa shago da farar ƙura, mun yi canjaras.

Babana magini ne, shekara arba'in da biyu yana ɗora bulo kan bulo. Tun da gwiwa ta hana shi hawa sama, sai ya mai da garejina ofishinsa. Ƙarfe goma yake zuwa, ya ja kujera bakin ƙofa, ya fara aikin da ba wanda ya ba shi.

"Auta, wannan kwaɓin ya yi ruwa."

"Auta, haka ake riƙe guduma? Sai ka ce mai kashe sauro."

Shekarata talatin da takwas, da 'ya'ya biyu, amma a wurinsa har yanzu ban iya kwaɓi ba. Ni kuma Allah bai yi ni da haƙuri ba, halin Baba na gado. Haka muke wuni, yana faɗa ina mayarwa, da yamma in rako shi bakin titi ina riƙe masa sanda.

Hannunsa na dama nake so in sassaƙa da dutse, riƙe da cokalin gininsa. Mako uku ina zana hannun nan. Na san babban yatsan da ya karkace, na san gaɓoɓin da suka kumbura, na san inda kowace jijiya ta bi. Abin da ya rage shi ne in ɗauki siffarsa. Ana yin wannan da wani gari irin wanda likitocin haƙori ke amfani da shi, idan ya daskare sai ya zama kamar roba, mutum ya zare hannunsa lafiya, sannan a zuba filasta cikin ramin da ya bari. Ranar da muka sa, na buɗe gwangwanin na tarar garin ya ƙare, saura ɗan abin da ba zai rufe yatsa biyu ba.

Na ce, "Baba, sai mako mai zuwa."

Ya dubi buhunan filasta da ke jingine a bango. Ya riga ya yanke farce, ya wanke cokalin har yana ƙyalli. Ya ce, "Ga wannan buhu-buhu, me ya hana?"

"Ba a yi da shi."

"Saboda me?"

"Baba, na ce ba a yi. Komai sai an yi gardama?"

Iyakar abin da na gaya masa ke nan, kuma shi ne abin da har gobe yake cin raina. Minti ɗaya ya ishe ni in yi masa bayani. Filasta idan ya fara kamawa zafi yake yi daga ciki. Ɗan siriri a bango, irin wanda Baba ya saba shafawa, ɗumi kawai za ka ji. Amma cike da bokiti, zafin ba shi da hanyar fita, yana iya dafa nama. Duk mai sana'ata ya san wannan. Na ɗauka kowa ya sani, kuma na gaji da musu.

Ana cikin haka direban da ya kawo mini dutse ya kira, wai motarsa ba za ta shiga lungu ba, a bakin titi zai sauke. Na fita ina masifa. Dutsen da mutum huɗu ba sa ɗagawa, a bakin titi zan sassaƙa shi? Muka yi ta ja-in-ja, ya ja baya, ya gwada, ya goge madubi da bango, ya sake ja da baya. Ban duba agogo ba, amma na fi minti ashirin.

Da na dawo na tarar da Baba ya sauko daga kujerarsa, yana zaune kan ƙaramin benci, bokitin fenti na roba a tsakanin ƙafafunsa. Bokitin cike yake da filasta, fari tas, an shafe samansa sumul yadda magini kaɗai ke iyawa. Hannunsa na dama yana ciki har ya wuce wuyan hannu. Yana murmushi.

"Ga shi nan, an ce ba a yi. Zo ki ga kwaɓi."

Na durƙusa na danna saman da yatsa, ya riga ya yi tauri. Na dafa gefen bokitin, ɗumi kamar jikin mai zazzaɓi.

"Tun yaushe?"

"Tun fitarki."

"Ka shafa mai a hannun?"

"Man me?"

"Baba, ja hannunka. A hankali."

Ya ja. Bokitin ne ya motsa gaba ɗaya. Ya sake ja da ƙarfi, jijiyar wuyansa ta tashi, ko gezau. Ya dunƙule hannu ne a kan ƙotar cokali, filasta ya cike kowane lungu tsakanin yatsun ya kulle. Murmushin bai tafi duka ba, amma ya dube ni yadda bai taɓa dubana ba.

Ya ce, "Yana ɗan ɗumi."

"Zai ƙaru."

"Har yaya?"

Na buga bango da guduma ina kiran Mai Walda, ya shigo da tabaransa a goshi. Ya dubi bokitin, ya dube ni, ya ce a sa Dattijo a mota a tafi asibiti. Na yi lissafi a raina: lungu a toshe da motar dutse, titi a cushe da tsakar rana, rabin awa idan Allah ya taimaka, kuma a can ma fasawa za su yi, su da ba su san inda yatsun suke ba. Kafin nan aikin gama ya gama. Na ce masa babu lokaci.

"To bari in ɗauko injin yankana, minti biyu in tsaga shi."

"Ka tsaga har da hannun? Kawo tiyon ruwa, ka sakar masa a kai, kar ka tsaya."

Na sa wuƙa na yanke robar bokitin daga sama har ƙasa, na ɓare ta. Sai ga curi fari, yana tururi kaɗan-kaɗan inda ruwa ya taɓa. Muka kwantar da curin a kan buhun yashi, Baba ya durƙusa a gefe da gwiwar nan tasa mai ciwo. Na ɗauko guduma da cizal, ƙarfen da nake sara dutse da shi.

Shekara goma sha biyar ina wannan riƙon, ban taɓa jin guduma ta yi mini nauyi ba sai ran nan. Tsoro nake ji, tsoro na gaske. A dutse idan ka yi kuskure, dutse ka ɓata. Nan kuwa ubana ne a ciki, kuma ba na ganinsa.

Na fara daga gefe, inda na tabbata babu komai. Manyan ɓaraguzai suka riƙa zubewa. Wannan bai ba ni wahala ba. Da na matso ciki, sai kowane guntu da ya faɗo kan ƙafata in ji zafinsa ta cikin takalmi. Zufa ta wanke wa Baba fuska, tana ɗiga daga gemunsa.

"Baba, yaya ka riƙe cokalin? Bakinsa ƙasa ko gefe?"

"Ƙasa. Yadda kike zanawa."

"Babban yatsa a kan ƙota?"

"A kai."

Na rufe ido na ga hannun kamar a takarda. Na ɗauki gawayi na zana shi a jikin curin: nan bayan hannu, nan gaɓoɓi huɗu, nan ƙota. Na bar tazarar yatsa ɗaya ko'ina, na ci gaba da sara. Ruwa yana zuba, filasta yana caɓewa, cizal yana santsi a hannuna. Mai Walda sai salati yake yi ƙasa-ƙasa.

Can Baba ya ce, da wata murya siririya da ban san shi da ita ba, "Auta, yana cina."

Mutumin da bulo ya taɓa faɗo wa a ƙafa ya ƙarasa layinsa kafin ya zauna, shi ne yake cewa yana cinsa. Na kai bugu na kuskure kan cizal, gudumar ta zame. Na sake, ta sake zamewa. Na ajiye na ce wa Mai Walda ba zan iya ba.

Baba ya kama wuyan rigata da hannun hagu ya jawo ni kusa. "Wa zai iya? Shi? Ƙarfe ya sani. Ki daina lallashinsa, ki buge shi. Idan kin taɓa ni zan gaya miki."

"Za ka faɗa?"

"Zan faɗa. In kin ji shiru, ki ci gaba."

Na ɗauka. Na sa ƙaramin cizal a layin da na zana ta gefen ƙaramin yatsa, don ta nan ya fi kusa, na fara bugu da gaske. Bayan kowane bugu sai in ɗan saurara. Shiru. In ƙara. Shiru. Ya kafa kansa a kafaɗar Mai Walda, ba na ganin fuskarsa, numfashinsa kawai nake ji yana fita ta hanci. Shirun nan shi ya riƙe mini hannu. Na koma yadda nake a kan dutse, ina jin inda abu zai tsage tun kafin ya tsage. Na bi layin na zagaya ta ƙarƙashin ƙota, na dawo ta bayan hannu. Na sa babban cizal a tsagar, na ba shi guda ɗaya mai kyau.

Curin ya rabe biyu kamar ƙwarya. Hannun ya fito ja wur, a kumbure, gashin bayansa duk ya tafi da filasta, fatar gaɓoɓin ta yi fari ta tattare. Yatsun sun ƙi buɗewa, sai da na zare cokalin daga cikinsu, ƙarfensa ya ƙona ni. Na tura hannun ƙarƙashin tiyo. A lokacin ne na ga ruwan da ke gangarewa ba fari ba ne. Na juya ɓarin da ya faɗi gefe, cikinsa ja ne sharkaf, jinin ya daɗe da shiga har ya yi duhu. Na juya hannun. Ƙaramin yatsan yana reto, fata kaɗan ce ta riƙe shi.

Ban san yadda muka fita lungun ba. Na dai san Mai Walda ya goya Baba har titi, direban dutsen da na gama zagi shi ya kai mu.

Likitar da ta karɓe mu mace ce mai ɗan shekaru, ba ta da yawan magana. Bayan awa biyu ta fito ta same ni a benci, rigata duk farin filasta. Ta ce ƙunar ta shiga, amma yatsu huɗu za su warke, da an ƙara minti goma da ba wannan maganar ake ba. Ƙaramin kuwa ba wuta ce ta ci shi ba, ƙarfe ne ya raba ƙashin, kuma ba sau ɗaya ba. Sun cire shi.

Na shiga. Yana kwance, hannun a naɗe an ɗora shi kan matashi. Ya tsufa a cikin wunin nan ɗaya. Na zauna a bakin gadon, na kasa kallon naɗin.

"Baba, ka ce za ka faɗa."

"Na ce."

"Yaushe na same ka?"

Ya yi kamar bai ji ba. Na sake tambaya, don ni ma ba a kayar da ni a naci.

"Bugu na uku," ya ce. "Da na huɗu. Na naɗe shi ne ƙasa da ƙota, ba yadda kike zanawa ba. Na manta in gaya miki."

Bugun da na yi bayan nan ya fi hamsin. Duk shirun da na riƙa jingina da shi ina samun ƙarfi, ashe haƙori ya cije. Kuka ya ƙwace mini, irin mai sa kafaɗa rawa.

"Me ya sa ba ka yi magana ba?"

"Da na yi, da kin ajiye gudumar." Ya ɗaga hannun hagu ya share mini fuska da bayansa, farin filasta ya shafe shi. "Saura huɗu a ciki, Auta. Su nake ji."