Kitson Komawa Gidan Miji

Shekaruna a sana'ar kitso sun koya mini abu guda: kai ba ya ɓoye sirri. Mace za ta zauna gabanki tana dariya, kina tsaga gashin kina ganin abin da bakinta ya ƙi faɗa.

Ranar da Yayana ya turo mini 'yarsa Auta, saƙonsa gajere ne. A yi mata kitso mai kyau, da la'asar mijinta zai zo ɗaukarta. Ta gudo ne daga gidan mijin, uban ya ce babu ɗakin da zai ba matar aure. Yarinyar nan a tashar mota ta yi ta kwana, kan bencin masu jiran mota, ni gwaggonta ban ma sani ba!

Na zaunar da ita kan tabarma, na zare ɗankwalin. Ina kafa tsinken tsaga a tsakiyar kanta ta zabura.

"Ke, tsaya mana, sai ka ce yau aka fara miki kitso."

Na buɗa gashin. Innalillahi! Tsagewa ce doguwa, jini ya bushe ya manne da gashi. Gefenta tsofaffin tabo, wani kan wani.

"Da me ya yi miki wannan?"

"Kan bel, Gwaggo," ta ce a hankali. "A ka yake duka, saboda ɗankwali yana rufewa."

Na ajiye tsinken. Wallahi ban kitsa ko layi ɗaya ba.

Da la'asar sai ga Yaya da surukin nasa, an sha turare ana ta murmushi. Na jawo Auta bakin ƙofar shago, na tsaga gashin a gabansu.

"Yaya, duba da kyau. Wannan za ka ce in yi wa ado?"

Mijin ya gyara hula, ko kunya babu. "Ai Baba shaida ne, ban taɓa taɓa mata fuska ba."

Yaya ya kau da kai. "Ɗaura mata ɗankwali, mutane na kallo. Ta bi mijinta, ni ba ni da wurin ajiye ta."

Kafin in buɗe baki in wanke shi tas, Auta ta ɗago. Yarinyar da ba ta taɓa kallon idon ubanta ba.

"Baba, in ya kawo maka gawata fa? Ita ma babu wuri?"

Yaya ya ja hannun surukinsa suka nufi mota, har yana ba shi haƙuri.

Shagona ɗaki ɗaya ne, bayan labule nake kwana. Na ture buhun gashin kanti gefe, na shimfiɗa mata katifata, sannan na ɗora ruwan zafi in wanke ciwon.