Garin Dutsen Monica

A shekarun da gine-gine suka mamaye Abuja, injin niƙa na Oga Fu'ad da ke Mpape ba ya hutawa. Ƙatuwar ganga ce mai juyawa, cike da ƙwallayen ƙarfe masu dakan farin dutse ya zama hodar fenti. Mata ke farfasa dutsen da guduma kafin a zuba.

Monica ta baro Yangoji da 'yarta Rita bayan mutuwar mijinta, suna kwana a rumfar leda. Da ta ji Oga zai ɗauki mace ɗaya aikin dindindin, har da ɗaki a bayan masana'anta, ta ƙudurta a ranta ɗakin nan nata ne.

"Maman Rita, kin iya daka kuwa?" in ji Christina, wadda ta daɗe a wurin.

"Ni da na tashi a gindin turmi?"

"To ki rage wa injin wahala. Ki mayar da naki gari, Oga zai gani."

Sauran mata suna tsayawa in dutse ya kai girman goro. Monica kuwa ta yi ta lugude har tafinta ya tsage, tana yayyafa ruwa kada iska ta kwashe garin. Ta juye buhunanta a injin tana murmushi.

Kafin la'asar rugugin gangar ya koma gunaguni. Oga ya sa aka kashe, aka buɗe. Jiƙaƙƙen garin ya manne wa ƙwallayen kamar tuwo, duwatsun sauran mata na nan ko gezau.

"Wace mahaukaciya ta zuba mini gari?" ya daka tsawa. "Ƙwallo dutse yake so ya buga! In gari ya lulluɓe shi, me zai fasa?"

Christina ta nuna ta da baki.

"Oga, ita ta ce…"

"Ni? Hana ta ma na yi, Oga. 'Yan ƙauye ba sa jin magana."

"Shiga ki kankare su ɗaya bayan ɗaya," in ji Oga. "In kin gama, kada in sake ganinki."

Ta rarrafa cikin gangar. Ƙarfen da zafi, faratanta suna karyewa. Da ta fito fara fat, yatsunta na jini, sai ga Christina a ƙofar ɗakin tana kaɗa makulli.

"Maman Rita! In kin wanke hannu, zo ki kama mini kaya mu shigar."