Ƙafafun da ke Jikin Kwalbar Tadeu

A garinmu Chã, nan gindin dutse mai aman wuta, giyar inabi biyu ake zancensu: tawa da ta ƙanena Tadeu. Duk wanda harshensa bai mutu ba ya san tawa ta fi. Ni mahaifinmu, Nhô Albino, ya zaunar ya koya wa sana'ar, lokacin Tadeu yana can yana bin awaki da 'yan mata.

Amma bana, in baƙi suka sauko daga hawan dutse, sai su wuce teburina kamar babu mutum, su tsallaka hanya su yi cincirindo gaban nasa. Takarda ce ta jawo. Ya je birni, São Filipe, an buga masa wata 'yar takarda ya manna wa kwalabensa, da hoton ƙafafun wani ƙato tsamo-tsamo cikin inabi. Daga nesa nake hangen ta, don na rantse hannuna ba zai taɓa kwalbar nan ba.

"Ƙafa fa, Bemvinda!" na ce wa matata. "Mutum zai kai abu baki, a nuna masa kaushi."

"Kaushin dai ake saye," in ji ta. "Ka tsallaka ka duba mana, Nhô Firmino. Hanyar ai ba kogi ba ce."

In ta kira ni Nhô, wato Malam, to ba'a take yi mini.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne zuwan Dona Lisete. 'Yar garin nan ce, tana da kanti a Amurka inda mutanenmu na can suke sayayya. Kowace shekara takan zo ta zaɓi gida ɗaya ta kwashe giyarsa kaf. Wurin mahaifinmu take saye, da ya rasu ta dawo wurina. In ta tsallaka hanya bana, da wane ido zan dubi mutane a bakin coci? Kishi ne ya kama ni, ba na ɓoyewa. Har cachupa, faten masara da waken da nake mutuwar so, ta daina yi mini daɗi.

Na hau mota zuwa birni, na ce wa mai buga takardu ya yi mini wadda za ta binne ta Tadeu. Ya yi kuwa: rubutu mai ruwan zinariya da lanƙwashe-lanƙwashe, da hoton wani katafaren gida irin na Faransa mai hasumiya. Na haɗa da baƙin takalmi sau-ciki, don mai irin wannan kwalba ba ya tsayawa da silifa.

Tadeu ya leƙo ya ƙare wa kwalabena kallo.

"Yaya, yaushe ka gina wannan gida ba ka kira mu gayya ba?"

"Je ka wanke ƙafafun da ke kwalbarka tukuna."

Ya yi dariya har da riƙe ciki. "Ai ba sa wankuwa, Yaya. Na sha gaya wa mai su."

Ranar da Dona Lisete ta zo, teburina ta fara tsayawa. Na zuba mata, Bemvinda ta yanko cukun akuya. Ta kurɓa, ta lumshe ido.

"Hannun Nhô Albino yana nan," ta ce.

Zuciyata ta yi fari ƙal. Sai ta juya kwalbar ta ga gidan Faransa, ta yamutsa fuska.

"Firmino, irin wannan ai ta cika kantunan Amurka. Mutanena rabinsu ba sa ma buɗe kwalbar. Kusa da talabijin suke ajiye ta, su riƙa kallo suna tuna gida. Wa zai tuna Chã da wannan hasumiya?"

Ta tsallaka hanya. Na bi ta, takalmi yana cizona. Ta ɗanɗana ta Tadeu, ta faɗa masa a gaban idonsa cewa ta yayansa ta fi, amma ba ta ajiye kwalbar ba. Ta shafa hoton, idonta ya kawo ruwa.

"Haka ƙafafun babana suke in ya fito daga taka inabi. Dubi babban yatsan nan ma da ya karkace."

Rantsuwata ta tashi a banza, na fizgi kwalba ɗaya na duba. Babban yatsan hagu ne, wanda jakin mahaifinmu ya taka mini tun ina saurayi. Sai na tuna bara. A nan ba mai taka inabinsa shi kaɗai, gayya ake yi gida-gida, ko kuna gaba da juna. Ina cikin tankin Tadeu ina tattaka inabi, shi yana tsugune da waya a hannu, har na daka masa tsawa ya bar wasa ya shigo. Ashe hoto yake ɗauka.

"Ƙafata ce!" na ce. Na tuɓe takalmin hagu na ɗaga ƙafar kowa ya gani. "Tawa ce, Dona Lisete, ba ta kowa ba!"

Ta dubi yatsan, ta dubi hoton, ta tafa hannu.

"Ashe mai ƙafar yana raye! Tadeu, a ɗaure mini duka, kada a bar ko ɗaya."

Ta zaro wayarta ta juyo gare ni.

"Nhô Firmino, don Allah matsa kusa da akwatunan giyar, in ɗauki hoto in kafa a kanti. Cire ɗaya takalmin ma."

Na waiwaya can ƙetaren hanya. Bemvinda tana zaune ita kaɗai tana kore ƙuda daga kwalabena masu ruwan zinariya. Baƙin yashi yana ƙona mini tafin ƙafa, Tadeu yana jera akwatunansa kewaye da ni.

Na sunkuya na cire ɗayan.