Hoton Nas a Bugun Farko

Ranar Litinin jaridar ta iso garin da hoton matar da ake kira Nas a shafin farko. Tana tsaye a ƙofar shagonta na magani, da farar riga, tana murmushi. A saman kanta an rubuta da manyan baƙaƙe: AN CAFKE MASU SAYAR DA JABUN MAGUNGUNA.

Labarin na wasu mutane ne da aka kama a wani gari mai nisa, babu sunanta a ciki. Hoton kuwa tun shekara biyu da suka wuce aka ɗauka, lokacin da jaridar ta yi rahoto kan mata masu sana'a. Amma wa ya tsaya karanta labari? Kafin tsakar rana matar tela ta dawo da maganin tari, ta dangwarar a kan kanta ko gaisuwa babu. Tsohon malamin makarantar da ya shekara tara yana sayen maganin hawan jini a wurinta ya tsallaka titi ya wuce.

Shekara ashirin da biyu ta yi a asibiti kafin ta buɗe shagon nan. Ko ƙwaya ɗaya da ta wuce wa'adi ba ta taɓa miƙa wa mutum ba.

Talata ta shiga mota, tafiyar awa uku, har ofishin jaridar a birni. Edita ya saurare ta yana juya cokali a kofin shayi.

"Mama, a yi haƙuri. Hoton ajiya ne. In labari ya zo ba hoto, mai tsara shafi yakan buɗe ma'ajiya ya rubuta 'magani', ya ɗauki abin da ya fito."

"Ni ce na fito?"

"Ke kika fi kyau a ciki," ya ce, har da dariya.

"Ni ba mamarka ba ce. Da ni na haife ka, da ka san ba a manna fuskar mutum a ƙarƙashin laifin wani."

Dariyar ta tsaya. Ya yi alkawarin gyara zai fito gobe.

Laraba da safe ya turo mata hoton shafi na sha tara a waya: layi huɗu, an nemi afuwa. Ta fita ta sayi jaridar a bakin tasha, ta buɗe shafin. Tallan takin zamani ne a wurin. Ta sayi ta biyu a wajen wani, takin dai.

Ta kira Auta, ƙanenta, wanda ke tuƙa motar da ke kawo jaridar garinsu.

"Yaya, ai bugu biyu ake yi," ya ce a hankali. "Na farko namu ne, na garuruwan nesa, ƙarfe biyar na yamma nake lodi. Na biyu na birni ne. Duk wani gyara a na biyu suke sakawa, don manya na birni su ke kai ƙara."

"Wato zagi a kawo mini har ƙofar gida, ban-haƙuri a bar shi a birni?"

"Haka ake yi tun kafin a ɗauke ni aiki."

"Kai kuma ka loda fuskata a bayan mota ka kawo."

"A ɗaure suke ba ni, Yaya! Ni direba ne."

Alhamis ƙarfe huɗu da rabi tana bakin ƙofar da motoci ke fita daga maɗaba'a. Ta janye kujerar mai gadi, ta ajiye a tsakiyar hanya, ta zauna da jakarta a cinya. Motoci uku suka jeru, ta Auta ce a gaba. Ya leƙo yana zufa.

"Yaya, don Allah! Korata za a yi."

"Taka ni ka wuce. Ka ga gobe sun samu hoto na gaskiya."

Masu lodi suka kwashe da dariya. Mai gadi ya matso, ta kalle shi sau ɗaya, ya koma. Na baya suka dinga danna hon, har Edita ya sauko, biro a bayan kunne.

"Baiwar Allah, ai mun yi gyara."

"Wa kuka yi wa? Mutanen birni sun san ni ne? A inda kuka ɓata ni za ku wanke ni."

"An riga an buga!"

"A sake."

Ya dubi agogo, ya dubi motocin, ya dubi masu lodi da suka fara ɗaga wayoyi suna ɗauka. Ya ja tsaki, ya ce a cire tallan takin da yau ma ke shafi na sha tara, a saka gyaran.

Ba ta tashi ba sai da aka miƙo mata sabon shafi, tawada na kama yatsa. Ta karanta sau biyu. Layi huɗu ne, ƙanana kamar rubutun jikin kwalba. A motar Auta ta koma gida.

Juma'a ta yanke wurin da almakashi ta manna a ƙofar shago. Wajen ƙarfe goma tsohon malami ya shigo, ya gyara tabarau, ya karanta. Ya nemi maganinsa. Da ta miƙa masa, ya juya kwalin, ya ɗaga shi sama wajen haske, ya daɗe yana duba kwanan wata.